Damina Ta Bakwai

A wajenmu, can ƙasar Zuru, ba a ba saurayi mata don ya iya magana ko don ya iya sa riga. Gona ake nuna masa. Golmo muke ce wa abin. Yaro zai taso, iyayensa su nema masa yarinya, shi kuma ya shiga cikin sa'o'insa su riƙa yi wa uban yarinyar noma har damina bakwai, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Wanda ya cika bakwai ya ɗauki matarsa. Wanda ya gudu kuwa, ko Ikko ya je ya dawo da agogo a hannu, rago ne a bakin mutane har ya mutu. Jikokina in na ba su wannan labari sai su tuntsire da dariya, wai ashe bauta muka yi. Su yi ta yi. Na yi soja, na yi gadi, na yi tireda, amma ban taɓa yin aikin da nake tashi da ɗokinsa kamar wannan ba.

Ba zan ce yarinyar da aka nema mini ta fi kowa kyau ba, don ko na faɗa babu mai shaida da ya rage. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, mai baki. Ita ke kawo mana kunu gona ranar da layi ya zo kan ubanta, kuma ba ta taɓa sauke ƙwaryar ba tare da ta dubi huɗata ta sami abin faɗa ba. Wai layina ya karkace, wai in haka zan gina mata ɗaki gara ta kwana a rumbu. Abokaina su yi ta dariya, ni in sunkuyar da kai ina saran ƙasa kamar ban ji ba. Alhali kuwa in ta yi kwana biyu ba ta tsokane ni ba, sai in rasa abin da ke mini daɗi.

Damina shida na yi. Ana saura ɗaya, cikin zafin bazara na wata shekara a shekarun hamsin, tun Turawa na nan, sanƙarau ya shiga ƙauyukan da ke tsakanin Zuru da Dabai. Ran kasuwa na gan ta tana musu da mai gishiri, har ta harare ni don na tsaya kallo. Bayan kwana uku aka binne ta.

Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan, bayan mutuwar kanta, shi ne zaman makoki. Na je ƙofar gidansu na zauna, to amma a ina zan zauna? Ni ba miji ba, ni ba ɗan gida ba. Sai na raɓe a ƙarshen tabarma cikin masu zuwa gaisuwa. Mutane su zo su wuce ta gabana, su durƙusa gaban uban, su shiga wurin uwar, har ƙannen uwarta da suka zo daga Danko an yi musu gaisuwa. Ni kuwa in wani ya lura da ni sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, yaro, an yi asarar gumi." Gwaggona ma da ta zo lallashina, abin da ta iya cewa shi ne yanzu kowane uba zai so ni, tun da an ga ƙarfina. Da ba yayar ubana ba ce, da na gaya mata baƙar magana. Kowa gonar yake gani, babu wanda ya ga cewa mace na rasa.

Nan na ƙulla abin a raina. Zan yi damina ta bakwai. In na cika, ba mai iya cewa ban cika ba, kuma duk wanda zai ambace ta nan gaba dole ya ce matar wane ce. Hankali ne ko rashinsa, ban tsaya tambaya ba. Abin da ya rage mini ke nan, kuma yana hannun mutum ɗaya, ubanta.

Ruwan fari ya sauka, na biyu ya biyo baya. Ranar da sa'o'ina suka fara gyaran galmominsu, sai tsohon ya aiko wai in zo bayan azahar in raka shi gonarsa ta kwari. Ban taɓa jin suruki ya nemi rakiyar mai yi masa golmo ba. Tsakaninku akwai kunya mai nauyi: ba ka jerawa da shi a hanya, ba ka kallon idonsa, ba ka kai masa magana sai ta bakin wani babba, shi ma ba ya kiran sunanka. Na wanke ƙafa, na sa 'yar taguwata, na saɓa galmata don ya gani ya gane da kansa.

Na same shi a bayan gida yana jirana, da sanda da 'yar jakar fata a rataye. Dogo ne marar yawan magana, yana ɗingisa ƙafar hagu tun da ya faɗo daga ɗorawa yana saurayi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon galmar. Ya juya ya kama hanya, na ba shi tazara na bi.

Ƙauyensu a kan tudu yake, hanyar kwari kuwa sai ta bi ta tsakanin gonakin dutse, irin waɗanda kakanninmu suka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Daga nan sama kana hango kwarin gaba ɗaya: rafin yana lanƙwasa tsakanin duwatsu biyu, giginyu a jere a bakinsa, can nesa hayaƙin masu ƙona sassabe yana tashi tsaye don babu iska. Sati biyu da suka wuce wurin nan ja ne wur, ƙasa duk ta tsage. Yanzu ciyawa ta fito ko'ina, irin ɗanyen koren nan na farkon damina mai ɗaukar ido. Na tsaya na duba, kuma gaskiya haushi na ji. Wannan ƙasar ce ta haɗiye ta ko wata biyu ba a yi ba, ga ta ta yi ado kamar ba ita ba.

Muka gangara. Hanyar siririya ce, ruwa ya zaizaye ta, tsohon yana dogara sanda yana zaɓen wurin taka ƙafa. Ni a baya ina ta shirya maganata. Na shirya ta da yarenmu ta yi tsawo, na rage ta ta yi kamar rashin kunya, na sake ta daga farko. Sau nawa na buɗe baki, sai in ga ƙeyarsa da furfurar da ban san yana da ita haka ba, in mayar da maganar ciki.

Da muka shiga inuwar itatuwa sai sanyi ya buge mu. Kwarin nan Allah ya yi masa itace: kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya, ƙudaje na bin su a ƙasa, ga kanya, ga ɓaure, ga manyan ɗorawa da aka riga aka girbe, sai tsirarun da suka fi ƙarfin masu hawa suna lilo can ƙololuwa. Kurciyoyi na ta kuka. Birai kuwa sun fito kan falalen dutse suna shan ranar yamma, wani babba a cikinsu ya zauna ya harɗe yana sosa ciki yana kallonmu, kai ka ce gonar ubansa muka ratsa. Waɗannan birai sun sha jifana shekara shida saboda dawar tsohon nan. Ranar ban ko sunkuya neman dutse ba, kuma ina jin sun gane.

Akwai wani dutse a gindin wata tsamiya, daidai inda hanya ta rabu biyu, wanda mata ke sauke kaya su huta. Ita ma nan take sauke ƙwaryar kunu ta gyara gammo. Na san haka don sau da yawa nakan ce wa abokaina ƙaya ta soke ni, in dawo baya in same ta a wurin, mu yi 'yar magana a tsaye kafin wani ya ɓullo. Ina tsammanin sirrina ne. Da muka zo daidai wurin sai tsohon ya rage tafiya, ya juyar da kansa wancan gefe yana kallon wani abu da babu shi a cikin daji, har na wuce dutsen. Ashe ya sani, tun tuni.

Muka iso rafi. Ruwan sabo ne, ja-ja da laka, bai kai gwiwa ba, yana gudu tsakanin duwatsu yana ƙara mai daɗin ji. Wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiya. Daga ƙasa kaɗan Fulani sun kawo shanu shan ruwa, balbelu na bin su, hasken la'asar ya sauka a bayan fararen shanun har sai ka kare ido. Makiyayin, wani dattijo da malafa, ya gane tsohon. Ya zo ya tsuguna, ya yi masa gaisuwar rashin da aka yi, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Da zai tashi ya dube ni ya dubi galmata ya ce, "Sannu samari, aiki za a?" Na ce aiki za a. Bai yi laifi ba, ta ina zai sani?

Wurin tsallakewa duwatsu ne a jere, ruwan sama ya sa sun yi santsi. Tsohon ya taka na farko, ya taka na biyu, a na uku ƙafar tasa ta hagu ta goce. Na yar da galma na yi tsalle na riƙe damtsensa. Shekara shida ina yi masa aiki, ranar na fara taɓa jikinsa, kuma na tsorata da na ji yadda ya rame, ƙashi kawai a cikin riga. Muka tsaya haka a tsakiyar ruwa, ni na kasa saki, shi bai ƙwace ba. Sannan ya gyara tsayuwa ya ƙarasa da kansa, ni kuma na koma na tsamo galmata.

Daga tsallake hanyar ta bi gefen rafin tana hawa a hankali. Nan kwarin ya fi faɗi, ƙasar baƙa ce mai taushi, kuma kowace gona na san mai ita, na san shekarar da muka yi mata huɗa da wanda ya suma a cikinta don zafin rana. Shamuwa sun iso, suna takawa a fadama ɗaya-ɗaya. Inuwar dutsen yamma ta fara rarrafowa kan gonaki. Da wani ne ya biyo hanyar nan a wannan lokaci, da ya ce bai taɓa ganin wuri mai kwantar da rai irinsa ba. Ni dai ƙeyar tsohon kawai nake bi da ido.

Gonar tsohon ita ce ta ƙarshe kafin daji. Da na fara zuwa, rabinta kurmi ne. Mu muka sare shi, mu muka tumɓuke kututture, mu muka kwashe duwatsu muka jera a iyaka. Ya bi ta gefe har ƙarshe, inda akwai wata 'yar gayauna da bai fi a shimfiɗa tabarma goma a cikinta ba. Tata ce. Nan take shuka gyaɗa kowace shekara, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata galma, wai za mu ɓata mata layi. Tsohon ya zauna a kan dutsen iyaka ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na tsuguna nesa da shi.

Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na aje al'ada gefe, na kai masa magana da bakina, kaina a ƙasa. Duk abin da na shirya ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, a bar ni in cika. Saura ɗaya."

Ya jingine sandarsa a jikin dutsen. Da ya buɗe baki kuma, ba da yarenmu ya yi magana ba, da Hausa ya yi, irin ta fataken Kabi da ya yi shekaru yana ciniki da su a kasuwar Zuru. Daga baya na gane dalili. Akwai maganar da in mutum ya faɗe ta da harshen da ya yi wa ɗiyarsa wasa, ba zai kai ƙarshenta ba.

Ya ce, "Na ga galma tun gida. Na san abin da kaz zaka da shi."

Na ce, "Ba na neman komai, Baba. In cika kawai."

"To, ka cika. Damana ta wuce, an yi girbi, an kai dawa rumbu. Sa'annan mi?" Ya juyo ya fuskance ni. "Sa'o'inka su zaka ƙohwar gidana da kiɗi, awa yadda aka yi ma kowa, su ce a hiddo musu amarya. Kai hwaɗa min, mi za ni hiddowa daga ɗakin?"

Na ce ba sai sun zo ba.

"Su na zakkuwa. In ba su zaka ba, ba ka cika ba. In sun zaka, uwatta ba ta kwana duniya." Ya numfasa. "Kuma ni, kullum in hito in ganka duƙe cikin gonag ga, kana noma ma wadda ba ta nan? Ka ji tausaina. Ba ni da wata ɗiya, kuma ko ina da ita ba ni yi maka wanga cin mutunci, in ce ga madadi."

Na so in yi gardama. Ina da ƙarfi a lokacin, ina da taurin kai, kuma na zo da niyyar ko zai kore ni da sanda sai na yi huɗar nan. To amma ban taɓa tunanin ranar kiɗin ba. Kaina kawai na gani da sunan da nake so a kira ni da shi, ban ga tsofaffi biyu a ƙofar ɗakin da babu kowa ciki ba. Na ji kunya, na ji haushinsa don ya fi ni gaskiya, hawaye suka zubo mini ina kallon ƙasa.

Sai ya jawo jakar fatar nan ya kwance, ya fito da wani ƙullin tsumma ya shimfiɗa a kan dutse tsakaninmu. Soyayyiyar gyaɗa ce, ba ta fi cikin tafi biyu ba. Sannan ya kira sunana. Sunana na yanka, sarai, kamar yadda ubana ke kira. Ya ce, "Matso mu ci."

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce ai wannan karamci ne. Karamci ne, amma ni na san abin da yake nufi. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ba ya sha, har abada, ko bayan an haifi 'ya'ya goma. Ranar da ka sa hannu a abinci ɗaya da uban yarinya, ka shaida da bakinka cewa babu surukuta tsakaninku. Bai kira dattawa ba, bai aika wa ubana ba. Ya kawo ni nan ne, inda babu idon kowa, don in kwance abin da hannuna.

Na maƙe hannuwana a hammata na ce na ƙoshi.

Ya ce, "Gujiyar gayaunag ga ta. Iri na, wanda ta aje don bana, cikin tulu, ta liƙe bakinai da laka da hannunta. Uwatta ta ce ba ta iya ganin shi ya tsiro. Jiya ta hwasa tulun ta soye." Ya tura tsumman gabana kaɗan. "Shi kenan abin da yar rage na hannunta. Ba ni ci ni ɗai, kuma ba ni ba wanda bai san ta ba."

Ban san iya lokacin da na ɗauka ina kallon gyaɗar nan ba. Ƙanana ce, jajaye, irin wadda take zaɓa ɗaya-ɗaya tana yar da masu tabo. In na ƙi ci, ina nan surukinsa a bakin al'ada, ko na wata ɗaya ne, ko na kwana biyu, amma zai ƙulle tsummansa ya mayar jaka, kuma ba zan ƙara ganin wani abu da ya fito daga hannunta ba. In na ci, na ɗanɗani nomanta, kuma na tashi daga wurin ni ba kowanta ba ne. Na tsani tsohon nan a wannan lokaci, kuma ban taɓa son wani namiji kamar yadda na so shi ba.

Na matsa. Na miƙa hannu na ɗiba, na kai baki, na tauna a gabansa yana kallona. Shi ma ya ɗiba. Muka yi ta ci, rafin na ta ƙararsa a ƙasa, rana ta kusa taɓa kan dutse. Can ya share bakinsa da bayan hannu, ya koma yarenmu, ya ce mini sannu da haƙuri, ya ce ya san abin da na rasa. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya bar maganar nan.

Da ta rage 'yar kaɗan sai ya juye mini sauran a tafi, ya kakkaɓe tsumman, ya juya baya yana kallon kwari don in ci a sake. Ni kuwa ban ci nan da nan ba. Na baza ta a tafina ina juya ta ɗaya bayan ɗaya, ina murza ɓawon da yatsa, ina duba ko akwai wadda wuta ta tsallake, ko guda ɗaya, in ɓoye a aljihu in kai bayan ɗakina in shuka. Na duba sau biyu. Uwar ta iya suya, babu ko ɗaya.